Kafintan da ya cire ƙofar shagonsa

Faɗa ɗaya aka taɓa kayar da kafintan layinmu, kuma surukarsa ce ta kayar da shi. Ta shigo shago da ambulan, ta miƙa masa, gogan naku ya cusa hannuwa cikin aljihu yana ja da baya.

"Iya, wa ya ba ki wannan?"

"Likita, ja'iri. Karanta mini za ka yi. Ka karɓi 'yata hannu bibbiyu, takardata ce za ta cije ka?"

Ya karɓa yana gumi. Tun ranar ake kiransa Hannu-a-Aljihu.

Abin yana da tushe. Wani direba ne ya tsegunta masa cewa mutanen haraji ba su da ikon sake buɗe lissafin shekarun baya sai sun damƙa maka sanarwa, ka sa hannu. Shi kuwa ya san shekarun nan ba su son tono. In aka tona, injin yankan katakon da yake ci da iyali da shi ne zai tafi. Shi ke nan kowa ya zama abin zargi. Mai karanta mita ɗan leƙen asiri ne. Wanda ya zo sayen kujera da biro a aljihu, farashi ma daga nesa ake faɗa masa.

Masinjan haraji ya yi ta sintiri har ya gaji, ya ce, "Maigida, ka ƙi karɓa ko? To doka ta ce in manna a ƙofar shago, a gaban shaida."

Kafinta ake gaya wa ƙofa! Kafin masinja ya dawo da shaida, ya kwance ta, ya jera cikin na sayarwa. Bawan Allah ya tsaya yana kallon wawakeken gurbi, ya koma ofis tambayo yadda ake yi da shago marar ƙofa.

Ruwa ya shiga, awaki suka shiga, zarto ya yi ƙafa. Matarsa ta same shi zaune bakin shagon da gora.

"Baban yara, don Allah mayar da ƙofar nan. Ɓarayi za su kwashe mu tas."

"Su kwasa," in ji shi. "Ɓarawo abin da ya tarar yau yake ɗauka. Waɗancan har wanda muka cinye bara suke so in amayar."