Gaiwar da Ta Riƙe Wuri

A ƙauyenmu na bayan Ambursa, zamanin Turawa, ba sanyi ke sa mu hura wuta ba, sauron fadama ne. Da an yi magariba sai kakata Inna Hajo, uwar babana, ta zuba ƙaiƙayin shinkafa a garwashi, mu zauna cikin hayaƙi muna tari muna jiran tatsuniya. Da farko har faɗan wurin zama muke yi. Daga baya kowane rani sai an ragu, domin duk wani abin samu ya tattare a Birnin Kebbi: kantuna, masu sayen shinkafa da fata, aikin hanya. Gida guda zai ce ya tafi cin rani, shi ke nan, sai labari.

Shekarar da babana ya samu ɗaki a unguwar Nasarawa cikin Birnin, ya yi lallashin duniya Inna ta bi mu. Mu yara ta tara, ana jibi za mu tashi.

"Ku matso, ɗiyana, wagga ba ta da tsawo," in ji ta.

Wai ruwa ne ya fara janyewa daga fadama, kifaye suka ji labarin wani gurbi mai zurfi wajen Argungu, inda abinci ba ya yankewa. Tarwaɗa ta tafi, karfasa ta bi, kowa ya kwashi iyalinsa. Gaiwa kaɗai ta ƙi. Ta shige taɓo, ta ce za ta riƙe musu wuri har damina.

Yayana Bawa, sarkin gaggawa, ya ce, "Sai masunta sunka kame su duka?"

"A'a, ƙiba sunka yi. Gurbin ga akwai abinci, ba ƙarya anka yi musu ba."

Na ce, "To da damina tad dawo hwa, Inna?"

"Ruwa ya dawo." Ta tsaya tana gyara wuta. "Ruwan dai."

Haushi ya kama ni. Wace irin tatsuniya ce ba a hukunta kowa ba? Na ɗauka tsufa ne ya sa ta manta ƙarshen.

Muka tashi, ta zauna. Birnin bai yi mana ƙarya ba, mun ci mun ƙoshi. Babana ya ce duk damina za mu koma noma, amma mai kantin da yake wa aiki ba ya ba da hutun damina. A can saƙon rasuwarta ya same mu.

Sai da furfura ta fito mini na gane babu abin da ta manta. Ba ta ga laifinmu ba, ba ta kuma yaudari kanta ba. Har yau in na bi ta Ambursa na ga fadama ta cika maƙil, kewar Inna nake ji har cikin ƙashina. Ruwa ya dawo. Ruwan dai.