Yadda Aka Tafi Bakin Teku Ba Da Ni Ba

Cikin abubuwan da Allah Ya nuna mini a tsawon kwanana, akwai guda da nake jin ko mantuwar tsufa ba za ta raba ni da shi ba, wato shirin tafiyarmu bakin teku. Na ce tafiyarmu ne don da ni aka fara shirin, amma da ranar ta zo ina zaune a gidana a Azare.

Ɗanmu na fari yana aiki a Legas. Wata shekara da ya zo ƙaramar salla, ya same ni a zaure bayan la'asar, ya zauna a gefen tabarma ya miƙo mini wayarsa. Hoton wani masauki ne a wani yanki da ƙasa ta kutsa cikin ruwa, teku a gefe guda, wani makeken tafki a ɗaya gefen, ga itatuwan kwakwa, ga rairayi fari tas.

"Baba, nan nake so in kai ku, kai da Umma, ku huta."

Na ce, "Mu huta da me? Dako muke yi?"

Ya yi dariya, sannan ya sunkuyar da kai. "Ni dai so nake in zauna kusa da ita, Baba. Ko sau ɗaya ne ta ce mini ga abin da take so, da bakinta."

Na gane nufinsa. A wajenmu uwa tana jin kunyar ɗan fari, mai ɗakina kuwa ta riƙe wannan al'ada fiye da duk wadda na sani. Ana yaye shi yayarta ta ɗauke shi zuwa Katagum, a hannunta ya tashi, ita yake ce wa Inna. Uwar da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. In ya gaishe ta, amsawa take ciki-ciki tana kallon bango. In ta dafa masa dambun da yake so, sai ta kira ƙannensa ta ce, "A kai wa mutanen Legas." Ba ƙi ba ne. Na sha jin ta bayan sallar asuba tana cewa, "Allah Ka tsare mini na nesa." Amma shi ba ya nan balle ya ji, ga shi har ya fara furfura.

Na karɓi shirin da hannu biyu. Duk ƙarshen mako sai mun yi waya. Na tambayi masallaci, ya ce akwai kusa. Na tambayi nama, ya ce yankan Musulmi ne. Na ce an gaya mini mutane na yawo a bakin ruwan nan kusan tsirara, ya ce akwai ɓangaren da ba kowa, kuma da safe za mu riƙa fita, a ranakun aiki. Muka tsayar da rani, bayan an gama girbi. Ya ce ɗaki mai gado biyu zai kama, ƙarfinsa na mutum biyu ne, da an sa rana zai zo ya ɗauke mu mu hau jirgi a Kano. Na koma littattafaina na sake duba hukuncin sallar ƙasaru da na alwala da ruwan gishiri. Na kai ɗinki. Abokan sahu a masallaci suka fara ba ni sautun ruwan teku a gora, wai maganin ciwon ƙafa ne. Da tsufana na riƙa ɗoki kamar yaro.

Mai ɗakina kuwa ba ta ce a'a ba. Da farko ta ce, "Allah Ya kai mu." Da aka sa rana sai ciwon gwiwa ya taso mata. Aka ɗaga. Sai ga akuyarta ta kusa haihuwa. Aka sake ɗagawa, sai ta ce wa zai duba jikoki. Ranar nan yaron ya kira ni, muryarsa a sanyaye.

"Baba, in ba ta so a bar shi kawai. Kada a takura ta."

Na shiga ciki na ce, "Wai ke me ke damunki ne?"

"Malam, ka tafi kai kaɗai, ka zo ka ba mu labari."

Da na juya zan fita sai idona ya faɗa bayan ƙofa. Ga dakakken yaji a ƙulle, ga ƙuli-ƙuli, ga busasshiyar kuka, an ɗaure su tsaf irin ɗaurin tafiya. Wadda ba ta son zuwa ba ta haɗa tsaraba. Abin ya ɗaure mini kai, washegari na shiga mota sai Katagum.

Na tarar da Yaya a tsakar gida tana juya kifi a kan banda. Allah Ya ji ƙanta, mace ce da ba ta ɓoye magana. Na zayyana mata komai, ta saurara har na gama, sannan ta goge hannu a zane.

"Malam, duk karatun nan naka? Ka ɗauki mace ka zaunar da ita gaban ɗan farinta, faranti ɗaya, ba yaro ba babba a tsakani. Ta bakin wa za ta ce a ba ta ruwan sha?"

"Ai ina nan, Yaya."

"Kai? Kai da in yaron ya shigo sai ka hau jan carbi kamar an aiko ka? Yunwa za ta kashe mini ƙanwa a bakin ruwan mutane."

Gaskiya ta faɗa. Na yi ta lissafin alƙibla da alwala, ban taɓa tunanin yadda baiwar Allah za ta buɗe baki ba. Na ce to yaya za a yi. Ta ce, "Oho. Ni kogin nan namu ya ishe ni kallo." Amma ta faɗa tana satar kallona.

Kafin mota ta iso Azare na gama shawara da zuciyata. Ba zan ce bai yi mini nauyi ba. Na kira yaron na ce, "Kujerata ka ba Innarka."

"Baba, kai fa? Ai ka fi kowa so."

"Kai muharraminsu ne su duka biyun. Ni na ga hoto, alhamdu lillahi."

Na gaya wa mai ɗakina. Ta shiga ɗaki, na ji ana jawo akwati. Can ta leƙo ta ce, "A tambayi mutanen Legas ko can ana sanyi." Maganar gwiwa ban sake jin ta ba.

Suka tafi, suka dawo lafiya, ya rako su har gida. Yaya ko mayafi ba ta cire ba ta fara ba ni labari. Ta ce da farko tafinta ta zama tsakanin mutum biyu da ke zaune tabarma ɗaya. Sai wata safiya yaron ya naɗe wando ya shiga ruwa zai cika gorunan abokaina. Ya ba teku baya, bai ga igiyar ruwa ta taso kamar katanga ba.

"Wallahi Malam, sai na ga takalmi a ƙasa, mace ta zura a guje! Ta ƙwala masa kira, ta cafki hannun rigarsa. Ruwan ma iyakarsa ƙugu. Amma ba ta sake shi ba har suka zauna a kan rairayi. Ina nesa ina jin ta tana tambayarsa wai yana cin abinci kuwa, ya rame."

Mai ɗakina ta ce daga bakin murhu, "Ni 'kai' kawai na ce."

Yaya ta ce, "Sunan tsaf kika kama! Har masu sayar da kwakwa sai da suka waiwayo."

Na dubi yaron. Ya ce, "Ƙarar ruwa ta yi yawa, Baba, ban ji ba." Yana faɗa yana murmushi, idonsa ya kawo ƙwalla. Uwar ta ja mayafi ta rufe fuska.

Har yau a gaban mutane mutanen Legas take ce masa. Amma in ya kira waya, miƙo hannu take a ba ta, ta shige ɗaki ta daɗe. Ni kuwa ban ga teku ba, mai yiwuwa ba zan gani ba, kuma ban taɓa jin na yi asara ba. Abin da na koya shi ne, in za ka shirya wa wani alheri, kada ka auna shi da abin da kai kake so. Ka duba abin da ke hana shi miƙo hannu. Wani lokaci kuma rabonka a cikin alherin bai wuce ka tashi ka ba wanda ya fi ka dacewa wuri ba.