Wuraren Da Dattijo Yake Sauka Daga Keke

Har yau idan na ɗaura keke a bayan mota na nufi kudancin Maryland, sai in ji kamar akwai wanda zan biya in ɗauka a Upper Marlboro. Wani lokacin har na rage gudu a bakin layinsu kafin in tuna ba ya nan.

Mutumin Filato ne, nas a wani asibiti, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba. Ni Bakano ne, injiniya, ina zaune a Alexandria cikin irin benen da ba ka sanin maƙwabcinka. A wurin wani suna muka haɗu, ya ji ina cika baki cewa a kan keke na yi sakandare. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce keken Kano ai ba keke ba ne, gari shimfiɗe kamar faranti, ko tsohuwa ta hau sai ta kai. Ya ce in zo ranar Asabar ya nuna mini tudu. Na je da niyyar kunyata shi, na dawo ina ɗingishi. Tun daga ranar nake ce masa Dattijo, shi kuma ya ce mini Malam, musamman idan zai yi mini tsiya.

Mukan ajiye mota a wani ɗan gari a gaɓar tekun Chesapeake mu miƙa kudu. Hanya ce ta hawa da gangara, ba ta barin ƙafa ta huta. Ruwan ya ɓullo tsakanin itatuwa, ya ɓace, ya sake ɓullowa, iska tana kawo ƙarnin gishiri da kaguwa. Gefe guda kuma tsofaffin rumbunan taba ne da suka karkace. A ƙarshen hanyar akwai wata gaɓa mai tsayi inda ƙasa ta yanke tsaf, ruwa yana can ƙasa iya ganin ido. A nan muke zama mu ci soyayyen dankalin da matarsa ta ƙunsa mana. Yakan ce wurin kamar gida, sai dai a gida babu wanda ya zuba ruwa a ƙarƙashin dutse. Saboda wannan zaman yake jure dukan mako na asibiti, shi da bakinsa ya faɗa mini.

Abu ɗaya ne yake haɗa mu faɗa. Dattijo ba ya wuce maƙabarta a kan keke. Haka ya taso, haka ni ma aka koya mini, amma ni na bar wannan tarbiyya a filin jirgi. Ga shi akwai wata tsohuwar coci da kaburburanta daidai gindin gangara mafi daɗi a hanyar. Duk mai hawa keke ya san gudun gangara shi ke kai ka rabin hawan da ke gaba. Shi kuwa sai ya matse birki, ya sauka, ya cire hular kwano, ya tura keken har mu wuce shingen. Daga nan mu fara hawan daga tsaye, ina haki ina mita. Na ce masa waɗannan Turawan ba su san shi ba, ba su ma san da wannan al'ada ba.

"Malam, ba sai sun sani ba," in ji shi. "Su suna kwance, kai kana bisa sirdi. Bai yi kyau ba."

Na saba, har na daina magana.

A shekararsa ta ƙarshe zuciyarsa ta riga ta fara gazawa. Shi ya sani, likitansa ya sani, ni ne kawai nake binsa ina taka feda ban san komai ba. Abin da na gani shi ne saukar ta ƙaru. Sai mu kai tsakiyar wani hawa, babu coci babu dutsen kabari, daji ne kawai da gona, ya sauka. Da na tambaya sai ya nuna cikin itatuwa ya ce akwai mutane a nan. Ya ce bayin da suka noma tabar nan ba a tsakiyar gari aka binne su ba, a bakin gona aka binne su, babu alama, kuma wa ya sani ko a cikinsu akwai namu.

Wannan magana ta shige ni. Da wani Bature ne abokin tafiyarsa, da tuni ya ce mutumin nan ba shi da lafiya. Ni kuwa da na ga dattijo ya sauka daga keke, ya sunkuyar da kai, hannu a ƙirji, leɓe yana motsi, me zan ce yake yi in ba addu'a ba? Sai ni ma in sauka in cire hula in karanta abin da ya sawwaƙa. Har a masallaci na ba da labarinsa, ina yabon ladabin Kiristan nan da ya fi mu tuna matattu.

Asabar ɗinmu ta ƙarshe cikin kaka ce, ganye ya yi ja, sanyi ya fara cizo. Ranar mun fi tura keke a kan hawansa. A hawan ƙarshe, ana jin ƙarar ruwa amma ba a ganinsa, ya sauka ya zauna a ciyawa, abin da bai taɓa yi ba.

"Yau suna da yawa a nan," ya ce. "Je ka gano mana ruwan, ni zan ɗan zauna da su."

Na hau ni kaɗai, na tsaya a bakin gaɓar, ban ji daɗin komai ba, na juyo. Ya tambaye ni yaya ruwan. Na ce yana nan yadda yake. Ya ce to madalla, muka ci dankalin a gefen titi.

Kafin sanyin ya wuce ya faɗi wata safiya yana shirin tafiya aiki. An kai gawarsa gida Filato. Da na je ta'aziyya matarsa ta ja ni gefe ta gaya mini cewa likita ya daɗe da hana shi hawan tudu. Ashe ce mata yake yi wai a gefen kogin Alexandria muke yawo, inda hanya take a shimfiɗe, don ya san da ta ji gaskiya da ta kulle keken. Ta tambaye ni ko bai taɓa nuna gajiya ba. Na ce mata yakan sauka.

Na yi fushi da shi, fushi na gaske. Nas guda, ya san abin da ke ƙirjinsa, ya ɗauki ladabin da muka gada ya rufe mini ido da shi. Na daɗe ban taɓa keke ba. Da na koma hanyar na ƙudurta ba zan sauka ko'ina ba sai a cocin. A wani hawa na tsaya shan ruwa wajen wata tsohuwa baƙar fata mai sayar da tumatir, na tambaye ta ko da gaske akwai kaburbura a dajin nan. Ta ce ko'ina, kakarta takan hana su wasa a can ciki. Ke nan ban san ranar da ya sauka don su ba, ban san ranar da ya sauka don numfashinsa ba.

Yanzu duk inda ya taɓa sauka ina sauka, ƙafata ta haddace wuraren. Matasa masu tsukakkun riguna sukan wuce ni da gudu, wani ya waiwayo ya tambaya ko lafiya. In ce lafiya, akwai mutane ne a nan. Sai ya dubi dajin, ya dube ni, ya ƙara gaba.

A hawan ƙarshe nakan jingine keken a inda ya zauna, in taka da ƙafa zuwa bakin gaɓar. Idan na dawo nakan tsaya a kan ciyawar in ce masa ruwan yana nan yadda yake.