Fankar injin ban ruwa da muka ɗaura wa akori-kura

Shekarun baya, lokacin da aka karya darajar sefa, kayan gyaran mota suka gagari talaka a Maraɗi, ina da wata tsohuwar akori-kura da nake ɗauko tumatir da albasa da ita daga Jiratawa. Ba ta da wani ciwo sai zafi. Da bazara ta kama, in na yi nisa kaɗan sai ruwan lagireto ya tafasa. Na kai aka wanke shi, aka liƙe inda yake yoyo, amma fankar da ke bayansa ta tsufa, fiffikenta ɗaya ma ya guntule.

Sabuwar fanka kuwa, ko tambayar kuɗinta ban yi ba. Abokina bakanike ne, garejinsa na nan unguwar Zariya kusa da gidanmu. Wata rana da la'asar ya zo yana murmushi, riƙe da wata ƙatuwar fanka da ya kwanto daga wani mataccen injin ban ruwa a Jiratawa.

"Mutumina, dubi fukafukai! Wannan ko tanda ka aza mata sai ta huce."

Ramukan noti suka dace kamar don motar aka yi ta. Muka ɗaura, muka tada inji a tsaye, allurar zafi ko motsi ba ta yi ba. Iska kuwa har tana tada ƙasar gareji. Na dinga yaba kaina, wai na fi masu sayen sabuwa wayo.

Kashegari da hantsi wani ya zo a keke daga Tsibiri, ya ce yayar mahaifiyata ta rasu. Tsakanin su biyun nan akwai alkawari tun suna ƴan mata: wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta yi mata wanka da hannunta. Duk danginmu sun san da shi. Mai keken ya ce za a jira Inna, amma da irin zafin nan ba za a wuce azahar ba.

Ranar kuma ana yajin aiki na gama-gari, gari ya mutu, babu motar haya ko ɗaya a tasha. Inna ta yafa gyalenta, ta ce, "Kai, tashi mu tahi."

Na ce, "Inna, kwantar da hankalinki, Tsibiri ai nan ne kusa. Ga shi jiya na gyara motar."

Cikin gari lafiya lau. Muna hawa kwalta na taka mai, sai allura ta fara hawa. Kafin mu yi rabin hanya tururi ya turnuƙe gaban motar. Na tsaya, na jira ta huce, na ɗura ruwa daga bido, wato jarkar da nake yawo da ita, na sake tashi. Ba mu je ko'ina ba ta kuma tafasa. Na duba bel, da ƙarfinsa. Na duba tiyo, ba yoyo. Fanka na juyawa kamar ta tashi sama. Wallahi kaina ya ɗaure, ga ruwan bido ya kusa ƙarewa, ga hanya fayau ba kowa.

Inna kuwa sai duban rana take yi. Can ta sauko ta ce za ta ƙarasa da ƙafa, ita da gwiwarta ke ciwo. Ina roƙonta ta dakata, injin na aiki a tsaye, ta ratsa ta gaban motar. Sai na ga bakin gyalenta ya tashi ya yi gaba, nesa da lagireto.

Nan take na gane. Fankar mota jawo iska take yi daga waje zuwa ciki, da gyalen manne wa lagireto zai yi. Wannan kuwa turo ta waje take yi, don injin ban ruwa a wuri ɗaya yake zaune, haka aka murɗa fukafukansa. A tsaye ba matsala. Amma da mota ta ɗau gudu, iskar hanya na son shiga, ta fanka na son fita, sai su tokare juna, lagireto ya rasa duka biyun.

Na kashe inji, na ɗauko sifana, na kwance fankar tana ƙona mini yatsu, na mai da notin kan fulin da bel ke juyawa, na jefa ta baya. Haka muka tafi ba fanka sam, iskar hanya kaɗai ta kai mu, allura na zaune tsakiya.

Mun isa ana kiran azahar. An riga an yi wanka, an sa likkafani, maza sun shigo da makara. Wata tsohuwa ta riƙe hannun Inna ta ce, "Mun jira ki har muka kasa." Inna ta durƙusa, ta aza tafinta a kan likkafanin, ta ce, "Yaya, na zo." Iyakar abin da ta samu ke nan.

Da abokina ya ji, sai da ya yi hawaye. Ya je har gida ba Inna haƙuri, ta ce masa, "Ɗana, ai taimako ka yi niyya." Ni ma ba ta taɓa tada mini maganar ba. Da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi.

Tun daga nan, ko wace fanka aka ɗaura mini sai na riƙa tsumma a gaban lagireto na ga inda ya nufa, kuma ban ƙara yarda da gwajin mota a tsaye ba. Makanikai na yi mini dariya, ina ƙyale su.

Abin dai bai bar ni ba har yau. Da Inna ta kwanta ciwonta na ƙarshe, ƙanwarta da ke aure a Jiratawa ta zo dubiya, ta ce ita ma za ta ɗaukar mata irin wancan alkawari. Ina zaune a bakin ƙofa. Inna ta girgiza kai ta ce, "A'a. Wadda ke kusa ta yi mini. Kada a jira mota."