Gwangwanayen Madam Oge

Duk wanda ya shiga shagon Madam Oge a unguwar Abbaganaram, gwangwanayen madara zai fara gani, jere a kanta har rufi, kowanne da suna a jikinsa. Baƙo sai ya zaci mai shayi ce. Alhali kunne take dubawa, shekara ashirin ke nan a ɗaki ɗaya.

Sunanta Ogechukwu. A garin nan aka haife ta, Kanurin bakinta ya fi na 'ya'yana. Shekarun tashin bam, da 'yan'uwanta suka yi ta kwashe kaya suna komawa kudu, ita ta zauna, ta ce yanzu ne ma kunnuwan garin ke buƙatar ta. A lokacin na kai mata mahaifina, Goni Babakura, bayan ƙarar bam ta tafi da jinsa. Mutumin da aikinsa sauraron masu hadda yana yi musu gyara, ya koma kallon leɓe.

Ga yadda take aiki. In ta gwada jin mutum, sai ta ɗauki siffar ramin kunnensa, ta yi masa robar da ke riƙe na'urar ji guda biyu. Ɗaya ya tafi da ita, ɗaya ta jefa a gwangwani tare da katin gwajinsa. Mun sha yi mata dariya a kan wannan tarkace.

Da wani babban kamfani ya buɗe reshe a garin, mai ƙofar gilas da na'urar sanyaya ɗaki, ni ne uban rawar kai. Na ɗauke Baba na kai shi can. Na'urarsu mai kyau ce, ba zan yi musu ƙarya ba. Sai dai kowane zuwa sabuwar fuska.

"Gana," in ji Baba, "yau ma sai na sake gaya musu sunana?"

Sai ambaliyar 2024 ta zo. Mun tsira da rai, na'urar Baba ta bi ruwa. Ga shi 'yata Ammatullahi ta kammala hadda, an sa ranar saukarta, ta kuma kafe ba za ta karanta ba sai kakanta na saurare. Na je kamfanin na tarar da kwaɗo a ƙofa. Na buga waya, wata murya mai ladabi ta ce an rufe reshen, in yi haƙuri in kai shi Abuja.

Da kunya na ɗauki Baba na nemi Madam Oge. Na same ta a zauren wata ƙawarta a unguwar Umarari, zaune a tabarma, buhuna uku a bayanta. Injin gwajinta ya nitse. Da ruwa ya taso, ita da mijinta gwangwanayen suka kwasa, suka bar injin.

"Madam, inji fa kika bari!" na ce.

"Inji ana sayen wani," ta ce. "Kunnen Baba Goni a wace kasuwa zan samo?"

Ba ta tambaye ni inda muka shige shekara uku ba, wannan ya fi zagi ciwo. Ta zazzage buhu, ta ciro gwangwani mai tsatsa mai sunan Baba. Ta goge robar, ta ɗan kankare gefenta, ta haɗa da wata tsohuwar na'ura, ta daidaita ta da abin da ke katin. Sannan ta saka wa Baba a kunne, ta koma bayansa, inda ba zai ga bakinta ba, ta gaishe shi da Kanuri a hankali, "Wushe, Baba Goni."

Ya amsa bai ko juyo ba.

Ranar sauka tsakar gida ta cika. Ammatullahi tana cikin karatu, tsoro ya sa ta tsallake aya. Malamai suka bar ta ta wuce don kara. Baba ya ɗaga yatsa.

"Koma baya, Ammatu."

Yarinyar ta koma, tana karatu tana murmushi, ni kuwa hawaye ya kece mini a gaban mutane. Can cikin mata na hango Madam Oge, ta yafa gyale, farantin shinkafa a cinyarta. Ta yi mini alama da hannu, tana tambayar me ya faru.

Na nuna mata kunnena, na ce, "Ya ji."