Motar Baba Maƙil Ta Daina Fitsari

Mahaifina bai iya zuba abu rabi ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana dafa shayi a wani kamfanin buga takardu, kuma duk wanda ya miƙa wa kofi sai ya sunkuya ya kurɓa kafin ya iya ɗagawa. Shi ya sa ma'aikata suka laƙaba masa Baba Maƙil. Sunan ya biyo shi har gida, Mama ma da shi take kiransa idan tsokana ta motsa mata.

Duk shekarun nan akwai abin da yake kallo ta tagar ɗakin shayi: tsohuwar motar manaja, koriya, mai dogon hanci da zagayayyun fitilu. Ranar da Baba ya ajiye aiki, manajan ya sa masa makullinta a tafin hannu. Yana da shekara sittin ya koyi tuƙi saboda ita. Ban taɓa ganin mutum cikin farin ciki irin na ranar da ya shigo da ita layinmu ba, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a tire.

Kullum da safe sai ya goge ta, ya ɗaga murfin inji, ya kwance murfin lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, ya cika shi da butar roba har ruwa ya taɓo baki. Kuma kullum, da ya dawo daga zagayensa ya kashe ta, sai ta tsiyayar da ruwa ta wani siririn tiyo, ƙasa ta jiƙe. Maƙwabta suka ce motar Baba Maƙil ba ta da tarbiyya, a ƙofar gida take fitsari. Washegari ya tarar ruwan ya ragu, ya girgiza kai, ya sake cikawa.

Sau biyu aka kai ta gareji. Makanikan sun saba da sababbin motoci, suka canja tiyo, suka canja murfi, suka liƙe inda babu huji. Babu wanda ya tambaye shi yadda yake zuba ruwan. Da aka shekara uku a haka, Yaya, babban wanmu, ya ce ya gaji. Wata rana injin zai ƙone da tsofaffi biyu a tsakiyar hanya, don haka ya yi magana da masu sayen tsofaffin ƙarafa, ranar Asabar za su zo su ja ta. Baba bai yi musu ba, amma ya daina cin abinci sosai, abin ya tsaya min a rai.

A makon ne gwiwarsa ta kumbura, likita ya hana shi tsayuwa. Ya kira ni ya danƙa min butar, ya ce in riƙa cika mata ruwa, in zaga da ita, kada ta yi kwanakinta na ƙarshe da ƙishirwa. Ni kuwa tela ce, ɗinki ya yi min yawa, ga shi ba na son maiƙo a hannuna. Ranar farko na cika. Daga nan na riƙa juye butar a gindin bishiyar lemun tsakar gida, in zaga da motar in dawo. Sai ranar Juma'a Mama ta lura cewa kwana uku ke nan ƙofar gida a bushe take.

Da Baba ya ji, ya ce shi ke nan, ruwan ya ƙare ƙaf, na kashe masa mota. Dole na faɗi gaskiya. Ya dogara sanda ya fito, ya taɓa injin ya ji shi da sanyi, ya kwance murfin. Ruwa na nan, yatsa biyu ƙasa da wuyan lagireto. Ya sa na zaga da ita sau biyu, muka jira ta huce, ya sake dubawa. Yana nan inda yake.

Na ɗauko wani tsohon mai gyaran lagireto daga bayan kasuwa. Ya leƙa sau ɗaya ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce ruwa idan ya yi zafi kumbura yake, kuma motocin zamanin da ba su da gorar da ke tare rarar, sai a bar musu fili a sama. Abin da aka ƙara a kan haka, waje za su watsar. Lafiyarta ƙalau, ƙoshi ne ya yi mata yawa.

Baba ya daɗe yana shafa hancin motar. Ya ce, "Shekara uku ina ɗura mata abin da ba ta so, kuma ko sau ɗaya ba ta ƙi tashi ba."

Ranar Asabar masu ƙarafa suka zo da igiyarsu, suka tarar da shi a bayan sitiyari, Mama a gefensa ta ci ado. Yaya da kansa ya ba su haƙuri. Baba ya ce ba za su tafi haka ba, ya sa na dafa shayi, shi ya fito ya zuba, kowa ya sunkuya yana kurɓa.

Mama ta karɓi nata ta taga, ta tsiyaye kaɗan a ƙasa kamar yadda ta saba, ta dubi Yaya. Ta ce, "Ni ma shekara arba'in ke nan ina zubar da rarar babanku. Allah ya so ni ba ka lura ba, da tuni ka kira min masu igiya."

Baba ya yi dariya har da hawaye, ya koma bayan sitiyari ya murza makulli, ta tashi bugu ɗaya.