Lomar Almu

Duk wanda ya san Fakku ya san Almu, wanda bai san shi ba kuwa ya ji muryarsa, don mutum ne da ko gaisuwar rasuwa ya je sai an taɓa shi an ce ya sassauta. A gidan noma da kiwo aka haife shi. Tun bai kai tsawon ɗan maraƙi ba yake bin shanun mahaifinsa, da ya girma ya haɗa da gonar dawa da 'yar fadamar shinkafa. Amma hannunsa ne ya fitar da sunansa. Igiyar ramar da Almu ya tufka, sai dai sa ya gaji ya kwanta, ba dai ta tsinke ba. Ranar kasuwar Tambuwal mutanen Sanyinna ba sa tafiya gida sai sun biya ta wurinsa sun sayi dabaibayi. Ga kafiya kamar jakin da ya ga ruwa. In Almu ya ce a'a, to ka tattara tabarmarka ka yi gaba.

A unguwarsu ciyayya ake yi. Da an idar da magariba kowane magidanci zai sa a fito da kwanon gidansa ƙofar gidan Mannir, yayan Almu, a jera a kan tabarma, a zauna a ci na wannan a koma na wancan. Nan ake jin wanda saniyarsa ta haihu da wanda surukinsa ya ɓata masa rai. Tun Almu yana sabon ango yake da wurin zama a gefen yayansa, kuma ba a taɓa tashi ba tare da ya kushe miyar gidan Mannir ba. Kullum ƙorafinsa ɗaya, wai ba gishiri.

Da kaka abin ya same shi, yana tsakiyar yankan dawa. Lauje ya suɓuce, ya sunkuya zai ɗauka, sai ƙasa. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka kwashe shi sai Sakkwato. Da ya dawo baki ya koma daidai, ƙafa tana ja amma tana kai shi masallaci. Hannun ne dai ya ƙi. Yatsun sun lanƙwashe sun kama tafin, babban yatsa ya kwanta a kansu ba ya motsi.

Ranar da ya koma ciyayya kowa ya yi murna. Ya kai hannu cikin tuwo, ya yi ta fama, ɗan abin da ya gutsuro ya faɗa cikin miya ya fantsamar wa Ɗan'iya maƙwabcinsu a riga. Wuri ya yi tsit. Mannir, don tausayi wallahi, ba don komai ba, ya ce, "Larura ta, Almu. Ci da hagu, Allah ya gani. Ko a kawo maka cokali?"

Almu ya dube shi, ya goge hannu a bakin tabarma, ya dogara sanda ya shige gida. Mutumin da ya tufke igiyar rabin shanun Kebbe, a ce ya sa hannun hagu cikin kwanon jama'a? Ko a ba shi cokali kamar baƙon birni? Bai sake fitowa ba. A ɗaka yake cin abinci, da hagun, fuskarsa na kallon bango, ko matarsa Atu sai ta fita kafin ya buɗe kwano. Ƙwallon robar da aka ba shi a asibiti aka ce ya riƙa matsawa don yatsun su saki, ya matsa ta kwana kaɗan ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ya wurga wa awaki.

To, Almu yana da auta, Najiba, malamar firamare ce tana aure a Tambuwal. Ita ce ta kwaso halinsa kaf. Tun tana makaranta take da son wasannin nan na na'ura, har yau in ta sami sarari labarinsu take bi a waya: wace sabuwa ta fito, wacce allonta ke nunawa ko a cikin rana, wacce batirinta ke jurewa, wacce ke ɗaukar zafi. Abokan aikinta har tsiya suke mata, wai uwar 'ya'ya da wasan gem. Ta tuna a asibiti an ce duk abin da zai sa yatsun su yi aiki a ba shi. Ta kuma san ubanta, ba zai matsa roba don an ce ya matsa ba, amma ba ya yarda a kayar da shi.

Ba ta kawo masa wasan waya ba, don shafa gilashi ba aiki ba ne ga yatsa. Ta nemo na'urar wasa ta hannu, mai faɗin tafi biyu, allo a tsakiya, da maɓallai na gaske waɗanda sai ka danna su nutse. A kafaɗunta akwai wasu na yatsan manuniya, ga 'yan sanduna biyu gajeru masu kai kamar na ƙusa, waɗanda babban yatsa ke juyawa. Ta zaɓi marar nauyi, mai riƙe caji, don a Fakku sai an kai shagon mai sola. Abin da ya fi ja mata hankali shi ne ana iya sauya wa maɓallan aiki. Sai ta ɗauke tuƙin gaba ɗaya daga sandar hagu ta mayar ta dama, yadda lafiyayyen hannun ba zai yi komai ba sai riƙo.

Ta same shi a zaure ta miƙa masa. Ya juya ta gaba da baya ya ce, "Mi na wanga kuma, Auta?"

"Wasa na, Baba. Ɗan makiyayi na ciki, tumaki shika korawa zuwa garke."

"Kai ma ɗiyanki. Ni kin ga na yi kama da yaro?"

Najiba ta karɓa ba musu, ta fara mayarwa cikin jaka. "Gaskiyarka. Dama tumakin ga ba su jin kora, ko ni ban iya da su. Balle kai da hannu ba lafiya."

Kai, 'yar nan ta san inda ake taɓa mutum! Almu ya ce, "Tumaki? Ni? Miƙo nan."

Ranar farko ɗan makiyayin ko taku bai yi ba. Almu ya dafa sandar da gindin babban yatsa, ya tura da dukan kafaɗarsa, gumi na tsiyaya, tumaki suka watse suka shiga gonar mutane. Ya zage su tas, har da iyayensu. Washegari ya sake. Kowace safiya Atu takan ɗumama man shanu ta murza masa hannun yatsa bayan yatsa, kamar yadda ta ga uwarta na yi wa masu ciwon jiki, tana gamawa sai ya jawo na'urar. Kafin sanyi ya wuce babban yatsan ya fara ɗagawa da kansa. Manuniya ta bi baya. Ranar da ya shigar da garken duka ba ko ɗaya a waje, ihun da ya yi sai da kaji suka tashi.

Gari kuwa ya ɗauka. Aka ce ciwon ya taɓa wa Almu kai, yana can ɗaka yana faɗa da tumakin cikin gilashi. Maganar ta yi wa Mannir zafi, ya zo da kansa da hantsi, ya ƙi ko zama.

"Almu, da furfurarka? Jikokinka na kallo, surukanka na ji. In zaman ya ishe ka ga tasbaha, ga rediyo. Ka ba yara abinsu, ka bar ja muna magana."

"Yaya, tasbaha nika ja, ba ta hana ba."

"Mutane dariya suka yi maka."

"Su yi! Ran da lomata ta faɗi cikin miya wa ya yi dariya? Shiru kunka yi kuna kallona kamar gawa. Wallahi gara dariyar."

Mannir ya kaɗa riga ya fita. Almu kuwa, maimakon ya ɓoye, sai ya sa aka shimfiɗa masa buzu a ƙofar gida, bakin hanya, inda duk mai zuwa rijiya ko masussuka zai gan shi. Ya ƙure ƙarar na'urar, tumaki na ta kuka. Mai wucewa in ya yi sallama ya amsa, in ya tsaya kallo ya ce masa, "Matso ka gani da kyau, ba a biya."

Ana cikin haka sai ɗan makiyayin ya fara yi masa gardama. Almu ya tura shi gaba, sai ya karkace hagu. Ya tsayar da shi, sai ya ci gaba da zamewa hagu a hankali, kamar mai jan ƙafa. Almu ya san wannan karkatar, haka jikinsa ya yi masa a gonar dawa. Ya dubi yatsan, ya ga kamar yana rawa. Kashegari abin ya ƙaru, garke ya watse, ko tunkiya ɗaya bai kai gida ba. Ya naɗe buzunsa ya koma ɗaka, ya cusa na'urar ƙarƙashin gado, ya sa hannun cikin riga ya daina fito da shi. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, cewa ciwon ne ke dawowa kuma duk wahalar nan ta tafi a banza. Abinci ma sai a ɗauke kwano yadda aka ajiye.

Atu ta kira Najiba, ta hau babur ta zo. Ta tarar da uban a kwance ya ba ƙofa baya.

"Hannun ya koma, Auta," ya ce ba tare da ya juyo ba. "Ina tura shi gaba shina tahiya hagu. Yaya ya yi gaskiya, wasan yara na."

Najiba ta durƙusa ta jawo na'urar, ta kunna, ta ajiye a kan tabarma. "Baba, juyo ka gani. Kak ka taɓa."

Ya juyo da ƙyar. Ba hannun kowa a kai, amma ga ɗan makiyayi can yana ta zamewa hagu shi kaɗai, har ya je ya dunguri shinge. Almu ya tashi zaune. Najiba ta kai na'urar hanci ta shinshina, ta murza gindin sandar da bakin mayafi, ya fito baƙi ƙirin da maiƙo. Man shanun Atu ne. Kullum da shi a yatsa yake kama sandar, yana tsiyaya ciki kaɗan-kaɗan, ƙaiƙayin masussuka da ƙurar bakin hanya suka bi suka manne.

"Irin wagga sanda dama takan yi haka in datti ya shiga," in ji Najiba. "Na karanta yanzu akwai wadda aka yi da maganaɗisu, ba abin da ke gogar wani a ciki. In tai da ita Tambuwal a duba ko ana iya sa mata. Amma Inna, daga yau a wanke hannu kahin a taɓa."

Atu ta riƙe haɓa tana salati, wai ita da ta zo gyara sai ga ɓarna. Almu bai ji su ba. Ya fito da hannun daga riga, ya buɗe yatsun, ya rufe, ya sake buɗewa. Ba su miƙe sarai ba, ƙaramin ma ko motsi ba ya yi, amma ba rawar komai. "Ashe ba ni ba na," ya ce. Sai kuma ya daka tsawa, muryar nan da aka kwana biyu ba a ji ba, "Ashe ɗan banzan makiyayin ga na ba shi da lahiya!"

Najiba ta ce ya yi haƙuri, ba za a daɗe ba za ta dawo masa da ita.

"Tai da ita, ba ni jiran ta. Atu, tuwon yau a kai shi ƙofar Yaya."

Da aka idar da magariba sai ga shi yana jan ƙafa, yana dogara sanda. Hira ta tsaya. Wurinsa na gefen Mannir yana nan, ba wanda ya taɓa zama. Ya zauna, ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai hannun dama cikin tuwon gidan yayansa. Ya gutsuro, ya ɗago, lomar ta suɓuce ta faɗi a kan tabarma. Ɗan'iya ya fara laluben aljihu, ashe bawan Allah tun ranar farko yake yawo da cokali.

"Ɗan'iya, in ka fito da shi, ni da kai har Lahira."

Ɗan'iya ya mayar da hannunsa. Almu ya sake gutsurowa, ƙarama wannan karon. Ya tara ta da yatsu uku, babban yatsan ya zagaya ya danna ta a hankali har ta dunƙule. Ya tsoma a miya. Hannun ya taso yana ɗiga, miya ta bi masa gwiwar hannu ta sauka a gaban riga, ba wanda ya kai hannu kwano. Lomar ta shiga baki.

Ya tauna, ya haɗiye, ya yamutsa fuska.

"Yaya, har yau ba a sayi gishiri gidanka ba?"

Mannir ya sunkuyar da kai, ya juya kwanon ya mayar da gefen naman gaban ƙanensa, sannan ya ce da wata irin murya, "Ci ka ba mutane wuri."

Almu ya sake kai hannu.